Saura Ɗaya

Likita ta ɗaga hoton kan yayana a jikin fitila,
ta sa bakin biro a gefen hagu, sama da kunne kaɗan.
Nan jinin ya kwanta, ta ce.
Nan kuma rumbun magana yake.

Ni aka naɗa tafinta
don ni kaɗai na zauna lakwal a gidanmu.
Iya na bakin benci, carbi a hannu,
tana jira in dama mata kalmomin yadda za su haɗiyu.

Tiromatizim, in ji likita.
Na ce, Iya, ya bugu a ka.
Ta ce, wannan ai mun sani tun ran Talata
da aka kawo mana takalminsa ƙafa ɗaya daga hanyar Ɗan Isa.

Ematom. Na ce gudan jini.
Afazi.
Nan na yi shiru kamar an kama ni da sata.
Ba bebe ba ne, ba kurma ba,
hankalinsa na nan, harshensa na lasar miya.
Na ce, Iya, kaya na cikin shago,
makullin ne ya faɗi.

Mati ɗan kamasho,
shekara sha bakwai yana cika mota da baki.
Madarunfa! Ɗan Isa! Jibiya!
Daga tasha har bakin kasuwa ana jin muryarsa
yana rantsuwa saura ɗaya
ko da motar wayam take.
Yanzu duk Hausar da ya tara ta zube a kan kwalta,
abin da aka tsinto ke nan:
saura ɗaya.
Yana jin ƙishi, saura ɗaya.
Tsahara ta gyara masa matashi, saura ɗaya.
Liman ya zo dubiya, ya shafa, ya jira amin,
Mati ya dube shi da hawaye, ya ba shi abin da yake da shi.

A dare na uku kumburi ya ƙaru.
Majo ya ce ciwon yana ci gaba.
Iya ta ce alhamdu lillahi.
A rediyo ta san ci gaba,
ci gaba shi ne famfo, shi ne lantarki a Bagalam.
Ban gyara mata ba sai da aka yi asuba.

Bayan mako, istabil.
Na ce ya tsaya.
Wa ya tsaya, Mati ko ciwon?
Na koma na tambaya.
Likita ta cire tabarau, ta ce, su biyun.

Sauran na koye su a layin farmasi, odinans a hannu:
akwai ciwo mai shigowa da gudu,
akwai mai shimfiɗa tabarma ya ce nan ne gida,
akwai lafawa, akwai komowa,
akwai sekel, laka da ƙaya da Gulbi ke bari
in ruwa ya janye daga gonakin mutane.
Akwai wadda likita ke faɗa tana duban takarda, pironostik,
wadda na fassara da Allah masani,
ba ta kuma ce na yi kuskure ba.

Wata huɗu ke nan.
Da la'asar 'yarsa Baraka tana zama gabansa da cokali,
da kofi, da hula,
tana cewa, Baba, mene ne wannan?
yadda shi ya yi mata bara waccan.

Jiya ya ƙura mata ido, leɓensa na rawa,
jijiyar wuya ta tashi kamar zai kira Jibiya.
Ya ce, Ba.

Tsahara ta ce Baraka yake nufi.
Iya ta ce a'a, ba ni, ruwa yake so.
Ni na buɗe kundin asibiti, shafi shafi,
ina neman sunan wannan a bakin likita.
Ban samu ba tukuna.